Horar da ma'aikata kan lafiyar ƙwaƙwalwar masu naƙasar tasowa: Abin da ya kamata a sani, daga Mai'adua zuwa Abuja

A tsakiyar watan Oktoban 2019, 'yan sandan Jihar Katsina suka kai samame wani gidan mari da ke Daura, suka fito da mutum 67, yara da manya masu shekara 7 zuwa 40, da yawansu da mari a ƙafa. Makonni kaɗan kafin nan an yi irin wannan samame a Rigasa da ke Kaduna, kwanaki kaɗan bayansa kuma aka yi a cikin birnin Katsina. A watan Nuwamban shekarar, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoton ziyarar da ta kai wurare 28 da ake ajiye masu lalurar ƙwaƙwalwa a jihohi 8 da Abuja, inda ta ce a 27 daga cikinsu ta tarar ana ɗaure mutane da sarƙa. Wuraren sun haɗa da asibitocin gwamnati, da gidajen gyaran hali, da na masu maganin gargajiya da na addini.

An rufe gidaje, an kama masu su, daga baya kuma aka yi doka. Tambayar da ta rage ita ce: wanda aka kwance wa mari, hannun wa ya koma? Mutanen da ake kaiwa irin waɗannan gidaje iri-iri ne. Akwai masu shaye-shaye, akwai masu taɓin hankali, akwai kangararrun yara, akwai kuma waɗanda tun suna goye ƙwaƙwalwarsu ba ta tasa kamar ta tsararrakinsu ba. Iyaye sukan kai su can ne bayan sun rasa wanda zai gaya musu abin da ke damun ɗansu da kuma abin yi. Wannan bayani ya duba rukunin ƙarshe, da irin horon da ma'aikaci ke buƙata kafin ya iya kula da lafiyar ƙwaƙwalwarsu a ƙaramar hukumar kan iyaka irin Mai'adua.

Mece ce naƙasar tasowa?

Naƙasar tasowa suna ne da ya tattara lalurorin da ke farawa tun mutum yana ciki ko yana ƙarami, su taɓa yadda yake koyo, ko magana, ko motsi, ko mu'amala da mutane, su kuma zauna da shi tsawon rayuwa. A cikinsu akwai raunin fahimta, wato yaro ya kasance koyonsa da iya hidimar kansa sun yi ƙasa sosai da na sa'anninsa. Akwai otizim, lalurar da ke shafar sadarwa da cuɗanya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta taɓa ƙiyasta cewa tana samun kusan yaro 1 cikin 100. Akwai lalurar Down, wadda ke zuwa idan an haifi yaro da ƙarin ƙwayar gado ta 21. Akwai shanyewar gaɓoɓi da ke biyo bayan raunin ƙwaƙwalwa lokacin haihuwa ko jim kaɗan bayanta. Akwai kuma lalurar rashin natsuwa da yawan ƙiriniya wadda ta wuce ta ƙuruciya.

A bakin jama'a, kalmar galahanga takan rufe da yawa daga cikin waɗannan. Wasu kan ce dolo ko gaula, wasu su ce ɗan ruwa ne, wato aljanu ne suka musanya shi. Kowane suna yana da inda yake kai yaro. Wanda aka kira ɗan ruwa wajen boka za a nufa da shi, wanda aka kira dolo kuma sai a bar shi a zaure, ba makaranta ba asibiti.

Yawan masu wannan lalura ba kaɗan ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 2018, wanda likitar yara 'yar Najeriya Bolajoko Olusanya ta jagoranta, ya ƙiyasta cewa a 2016 yara miliyan 52.9 'yan ƙasa da shekara 5 ne ke da naƙasar tasowa a duniya, kuma kashi 95 cikin 100 suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin tattalin arziki. Rahoton haɗin gwiwa na WHO da UNICEF da ya fito a 2023 ya ce yara da matasa miliyan 317 ne ke ɗauke da lalurorin da ke jawo wannan naƙasa a 2019.

Naƙasa daban, taɓin hankali daban

Darasi na farko a kowane horo shi ne raba waɗannan biyu. Raunin fahimta ba ciwo ba ne da ke zuwa ya tafi, kuma babu allurar da ke warkar da shi. Abin da ke taimakon mai shi shi ne koyarwa da haƙuri da gyara masa muhalli. Ciwon damuwa da fargaba da taɓin hankali kuwa cututtuka ne da kan samu mutum a kowane lokaci, kuma suna jin magani. Malaman fiƙihu sun daɗe da bambanta majnuni da ma'atuhi a hukunce-hukuncensu, amma dokar da Najeriya ta gada daga Turawa, wadda aka fara a 1916 aka sabunta a 1958, ta haɗa dolo da mahaukaci a ma'ana guda.

Sai dai mutum ɗaya yana iya haɗa lalurorin biyu, kuma hakan ya fi yawa ga masu naƙasar tasowa. Wani bincike da aka wallafa a 2007 kan manya 1,023 masu raunin fahimta a yankin Glasgow na Birtaniya ya gano cewa kusan kashi 41 cikin 100 suna da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa a lokacin da aka duba su. Wani da aka yi kan yaran Birtaniya a shekarar ya samu kashi 36 cikin 100 a tsakanin masu raunin fahimta, da kashi 8 a tsakanin sauran yara. Farfaɗiya ma takan samu kusan mutum 1 cikin 5 na masu raunin fahimta.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Raunin da ya taɓa ƙwaƙwalwa tun farko yana buɗe ƙofa ga wasu cututtukan. A kan wannan sai a ɗora tsangwama, da kaɗaici, da jifan yara a kan titi, da duka, da fyaɗe, ga kuma rashin bakin da zai kai ƙara.

Abin da ke haifar da ita a yankinmu

Wasu lalurorin gado ne, wasu kuma har yau ilimin likita bai kai ga musabbabinsu ba. Amma kaso mai yawa a arewacin Najeriya da kudancin Nijar yana fitowa ne daga abubuwan da ake iya karewa. Doguwar naƙuda takan hana jariri iskar numfashi a mintunan farko, kuma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa haihuwar da ake yi a asibiti a Arewa maso Yamma ba ta kai kashi 20 cikin 100 ba. Shawarar jarirai, idan ta yi tsanani ba a sa jariri a hasken fitilar asibiti ba, tana lalata ƙwaƙwalwa cikin kwanaki, kuma kafur ɗin da ake sawa a kayan jariri yana iya tsananta ta ga wasu jariran. Sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai sukan bar yaro da kurumta ko farfaɗiya ko raunin fahimta bayan ya tashi.

Sai tamowa. Binciken na 2018 ya nuna kusan yara 6 cikin 10 a Jihar Katsina sun tsumbure, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na jihar a wata shida na farkon 2025. Waɗanda suka rayu, da yawansu za su shiga aji da ƙwaƙwalwar da yunwa ta riga ta tauye. Gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 ita ma ta bar wasu da raunin da ba ya warkewa. Wannan ne ya sa ungozoma da ma'aikaciyar awon ciki da mai auna yara suke cikin waɗanda horon ya shafa, domin su ne idon farko.

Idan naƙasa ta rufe ciwo

A 1982 wasu masana a Amurka, ƙarƙashin Steven Reiss, suka nuna wani kuskure da ƙwararru ke yawan yi: da zarar sun san mutum yana da raunin fahimta, sai su jingina duk wata alama da suka gani ga naƙasar, su daina neman wani ciwo. Ana iya kiran wannan inuwar naƙasa.

A misalta matashi ɗan shekara 19 da ba ya iya haɗa jimla, amma kullum yakan raka mahaifinsa kasuwar dabbobi ta Mai'adua, yana ba awaki ruwa. Kwatsam sai ya daina fita, ya daina ci, ya fara buga kansa da bango. Ma'aikacin da ba shi da horo zai ce ai da ma haka yake, ko ya yi masa allurar barci. Mai horo zai fara da tambayar abin da ya canza da kuma lokacin da ya canza. Zai duba haƙori da kunne da ciki, domin ciwon haƙori ko taurin bayan gida sun isa su sa wanda ba ya magana ya yi ta dukan kansa. Zai tambaya ko an yi rasuwa a gidan, ko an aurar da yayar da ke kula da shi, ko wani ya taɓa shi. Bayan haka ne zai duba ko ciwon damuwa ne. Ga wanda ba shi da kalmomi, hali shi ne harshensa.

Abin da horon ya ƙunsa

Horo nagari yana koya wa ma'aikaci matakan girman yaro: lokacin da ya kamata ya riƙe wuya, ya zauna, ya yi tafiya, ya waiwayo idan an kira sunansa, ya fara haɗa kalmomi. Yaron da ya kai wata 18 bai fara tafiya ba, ko ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, yana buƙatar a duba shi, a kuma fara da gwada jinsa da ganinsa.

Yana koyar da sadarwa: gajerun jimloli, tambaya ɗaya a lokaci guda, amfani da hoto ko nuni, da ba mutum lokaci ya amsa. Ana yi wa mai lalurar magana kai tsaye, ba a tsallake shi a fuskanci mai rakiya kaɗai ba. Yana koyar da nazarin hali, wato a lura da abin da ya faru kafin fushi, da yadda fushin ya kasance, da abin da ya biyo baya, har a gano abin da ke tayar da shi. Sau da yawa hayaniya ce ko yunwa ko canjin tsarin yini.

Yana koyar da taka-tsantsan da magani. A wani gwaji da aka wallafa a mujallar likitoci ta Lancet a 2008, an raba manya 86 masu raunin fahimta da yawan faɗa gida uku: wasu aka ba su haloperidol, wasu risperidone, wasu kuma ƙwayar da babu magani a cikinta. Faɗan ya ragu a duka rukunan, kuma masu shan maganin ba su fi sauran samun sauƙi ba. Magungunan taɓin hankali suna da amfani ga wanda ke da ciwon, amma ba linzami ba ne, kuma suna iya jawo sanƙarewar jiki da rawar hannu da ƙiba. A ɓangaren farfaɗiya, ma'aikaci yana koyon cewa ba a sa cokali a bakin mai jijjiga, ba a kai shi kusa da wuta, ba a dakatar da magani farat ɗaya, kuma maganin valproate yana da haɗari ga ɗan da ke ciki.

Yana koyar da kariya da neman yarda: yadda ake gane alamun cin zarafi, wa ake kai wa rahoto, da kuma cewa mai raunin fahimta yana da ta cewa a kan jikinsa gwargwadon ganewarsa. A ƙarshe yana koyar da kula da mai kulawa, wadda yawanci uwa ce ko kaka, da gane iyakar da ma'aikaci zai tsaya ya tura mara lafiya gaba.

Su wa ake horarwa, kuma a ina?

A saman tsani akwai likitocin ƙwaƙwalwa, waɗanda ke samun ƙwarewa ta hannun Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa ko takwararta ta Afirka ta Yamma. Ƙungiyarsu ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200, kuma wasunsu suna ta ficewa waje. Masu ƙwarewa a kan yara kaɗan ne daga cikin wannan kaɗan. Cibiyar Lafiyar Ƙwaƙwalwar Yara da Matasa ta Jami'ar Ibadan, wadda Farfesa Olayinka Omigbodun ta assasa, ta fara karatun digiri na biyu a fannin a 2013, tana ɗaukar likitoci da nas-nas da sauran ma'aikata daga ƙasashen Afirka.

Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke kusa da ƙasar Daura su ne na Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato. Akwai kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, mai nisan kusan kilomita 80 daga Daura. Nas da ke son ƙwarewa a fannin yana ƙara karatu a makarantun da ke jikin irin waɗannan asibitoci bayan ya samu rajista. Masu gashin ƙashi, da masu koyar da magana, da masu koyar da hidimar kai, suna ƙarƙashin hukumar rajistarsu da aka kafa a 1988. A ɓangaren malamai, Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos suna da sashen ilimi na musamman, haka ma Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta musamman da ke Oyo. Makarantun gwamnati na musamman da aka fi sani a Jihar Katsina, na kurame a Malumfashi da na makafi a Katsina, an gina su ne domin wasu lalurorin daban.

Duk waɗannan suna nesa da uwar da ke wani ƙauye kusa da Kwangwalam. Wanda ke kusa da ita shi ne ma'aikacin lafiyar al'umma da ke asibitin sha-ka-tafi, wanda ake kira CHEW idan ya yi karatun shekara 3, ko JCHEW idan ya yi na shekara 2. Jihar Katsina tana horar da irinsu a makarantun kiwon lafiya na Daura da Kankiya. Wato ajin da ya fi tasiri ga makomar yaro mai galahanga a Mai'adua da Zango da Baure da Sandamu yana cikin garin Daura, kuma abin da aka koyar a ajin shi ne abin da yaron zai tarar a asibiti.

Kayan aikin da suka riga suka samu

Ba sai an ƙirƙiro sabon tsari ba. Tun a 1991 manufar ƙasa ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin ginshiƙan kiwon lafiya a matakin farko, a 2014 kuma aka fito da manufar raba ayyuka, wadda ta ba ƙananan ma'aikata damar yin wasu ayyukan manya bayan horo. A 2008 WHO ta ƙaddamar da shirin mhGAP domin koya wa ma'aikatan da ba ƙwararru ba gane cututtukan ƙwaƙwalwa da kula da su. Jagoran shirin ya fito a 2010, aka sabunta shi a 2016, kuma yana da babi a kan lalurorin yara da matasa da wani a kan farfaɗiya. Masana a Ibadan, ciki har da Farfesa Oye Gureje da Dakta Jibril Abdulmalik, sun daidaita shi da yanayin Najeriya, aka gwada shi a Jihar Osun. An kuma yi aiki da shi a Binuwai da Kaduna da Kuros Riba da Borno.

Tsarin kamar gangaren ruwa yake: ƙwararru su horar da masu horarwa, su kuma su horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci. Darasin da aka koya a wuraren da aka gwada shi ne cewa bitar kwana biyar a otal ba ta wadatarwa. Ilimin yakan dushe idan babu mai zuwa duba aiki lokaci-lokaci, babu magani a kanta, babu kuma lambar likitan da za a kira idan abu ya gagara. Sauyin wajen aiki ma yakan kwashe wanda aka horar ya bar gurbi.

Akwai kuma shirin WHO na koyar da iyaye, wanda aka tsara domin masu kula da yara 'yan shekara 2 zuwa 9 da ke da jinkirin girma. Ya ƙunshi zama 9 na rukuni da ziyarar gida 3, kuma ma'aikacin da ba ƙwararre ba yana iya jagorantarsa. Ana koya wa uwa yadda za ta mayar da wanka da cin abinci da wasa su zama darasi. An gwada shi a Habasha da Kenya da wasu ƙasashe, a 2022 kuma aka sa shi a intanet kyauta. Idan aka mayar da shi Hausa, zai yi aiki a Mai'adua kamar yadda zai yi a Matamaye da ke tsallaken iyaka a Jihar Damagaram, domin harshe ɗaya ne, dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya ake ci.

Malamai da masu maganin gargajiya

Iyali da yawa sukan fara da ruƙiyya ko rubutun sha ko hayaƙi kafin su tuna da asibiti, kuma horon da ya yi watsi da wannan ya bar rabin hanya. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama da danginsu a gidajen ƙauye, ana kuma aiki tare da masu maganin gargajiya. A 2020 aka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a Ibadan da Kumasi ta Gana, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci ke ziyartar masu taɓin hankali a wajen masu maganin gargajiya da na addini suna ba da magani da shawara. Waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi. A ƙasar Daura, limamai da malaman tsangaya da masu unguwanni da dagatai su ne za su fara jin labarin yaron da aka kulle a ɗaki. Idan suka san alamun farfaɗiya da raunin fahimta, suka kuma san inda za su tura, an rage ciniki ga gidan mari.

Abin da doka ta ce

Dokoki biyu ne suka fi shafar batun, kuma duka biyun marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ne ya sa musu hannu. Ta farko ita ce dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa ta 2018, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019. Ta ba masu naƙasa ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati, ta kuma ce mai naƙasar ƙwaƙwalwa yana da haƙƙin jinya kyauta a asibitocin gwamnati. A ƙarƙashinta aka kafa Hukumar Masu Naƙasa ta Ƙasa a 2020. Ta biyu ita ce Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa ta 2021, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2023, ta maye gurbin ta 1958. Ta ambaci masu raunin fahimta da sunansu, ta hana ɗauri da sarƙa, ta tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asusun lafiyar ƙwaƙwalwa. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2010, Nijar kuma a 2008.

Doka a Abuja ba ta ɗaukar ma'aikaci a Mai'adua. Harkar lafiya ta rabu tsakanin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, kuma ƙananan asibitoci suna hannun hukumar lafiya ta matakin farko ta jiha. Kuɗin horo yana da maɓuɓɓuga sananniya: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kiwon lafiya na matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, ta kuma ware kashi 10 cikin 100 na asusun domin bunƙasa ma'aikata. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya ƙara wa shugabanninsu nauyin amsa tambaya.

Yadda Ingila ta mayar da horon tilas

Oliver McGowan matashi ne ɗan shekara 18 mai otizim da farfaɗiya da ɗan raunin fahimta. Ya rasu a watan Nuwamban 2016 a wani asibiti a Bristol, bayan an ba shi maganin taɓin hankali da shi da iyayensa suka ce kada a ba shi. Mahaifiyarsa, Paula McGowan, ta jagoranci fafutukar da ta kai ga dokar 2022, wadda ta wajabta wa ma'aikatan lafiya da na kula da jama'a a Ingila samun horo kan raunin fahimta da otizim. Ana kiran horon da sunan ɗanta, kuma masu lalurar da kansu suna cikin masu koyarwa. Ƙasar da ke da dubban likitocin ƙwaƙwalwa ma sai da ta gane cewa digiri kaɗai bai koya wa ma'aikaci sauraren wanda ba ya iya magana ba.

Tambayoyin da suka cancanci amsa

Mai'adua tana da mutum sama da 200,000 a ƙidayar 2006, kuma ta ƙaru sosai tun daga lokacin. Ko da ƙiyasin yaro 1 cikin 100 kaɗai aka ɗauka, ana maganar ɗaruruwan gidaje ne a ƙaramar hukuma ɗaya daga cikin 34 na jihar. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi bayani, kuma matasan da ke bibiyar kasafin kuɗi suna iya farawa da waɗannan:

Ma'aikata nawa ne a ƙananan asibitocin Mai'adua suka samu horon mhGAP, a wace shekara, kuma nawa ne har yanzu suke wurin?

Sa'o'i nawa ake warewa naƙasar tasowa a manhajar makarantun kiwon lafiya na Daura da Kankiya, kuma ɗalibai suna ganin masu lalurar ido da ido kafin su gama?

Wane layi ne a kasafin kuɗin jiha ya ambaci lafiyar ƙwaƙwalwa, nawa aka ware, nawa aka fitar?

Akwai maganin farfaɗiya a kantar ƙananan asibitoci, kuma ana aiki da tanadin jinya kyauta da dokar 2018 ta yi?

Malamai nawa ne masu ilimi na musamman a makarantun firamaren ƙaramar hukumar?

Ga iyalin da ke da irin wannan yaro kuwa, abubuwa kaɗan suna rage wahala a asibiti. A je da wanda ya fi saninsa, a tafi da duk magungunan da yake sha, a faɗi ranar da halinsa ya canza da abin da ya faru a lokacin, a kuma nemi a duba jikinsa gaba ɗaya kafin a rubuta maganin ƙwaƙwalwa. Idan an rubuta, a tambayi ciwon da ake yi wa magani, da illolin da za a sa wa ido, da ranar da za a dawo a sake dubawa. Ma'aikacin da ya samu horo zai amsa waɗannan tambayoyi ba tare da jin an raina shi ba.